Kariya daga faɗuwa da haɗarin manyan injuna a wuraren gini da haƙar zinare a Birnin Gwari

Kariya daga faɗuwa da haɗarin manyan injuna ita ce jerin matakan da ake ɗauka a wurin aiki domin kada ma'aikaci ya faɗo daga sama, ko ya rufta cikin rami, ko injin ɗaukar kaya ya buge shi ko ya danne shi. Matakan sun shafi birkiloli da leburori da kafintoci da masu walda da direbobin tifa, da masu tuƙa katafila da eskabeta da fokilif. A ƙaramar hukumar Birnin Gwari da ke yammacin jihar Kaduna, batun ya haɗa har da masu haƙar zinare, domin haɗarin da ke bakin rami mai zurfi bai bambanta da wanda ke saman gini ba. Masana lafiyar ma'aikata sun fi ba da ƙarfi ga gyara wurin aikin tun kafin a fara, sannan kayan kariya na jiki irin su hular kwano su biyo baya.

Yanayin yankin

Birnin Gwari tana iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A ƙidayar shekarar 2006 an samu mutum 252,363 a cikinta. Daga cikin gundumominta akwai Magajin Gari da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Gayam da Kutemeshi. A nan ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936 a matsayin gandun daji na hukumar En'e, aka kuma ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120.

Duwatsun yankin na ɗauke da zinare. An haƙe shi a wurare irin su Tsohon Birnin Gwari da Kwaga tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da haƙar zinare ta yi tashe a arewacin Najeriya a shekarun 1930. A yau yawancin masu haƙar ƙananan mahaƙa ne da ke aiki da diga da shebur da igiya, ko da yake a wasu wuraren ana hayar eskabeta.

Abubuwa biyu ne suke ƙara wa haɗarin aiki nauyi a yankin. Na farko shi ne nisa: daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna, inda manyan asibitoci suke, tafiyar kilomita fiye da 100 ce, ƙauyukan cikin daji kuwa sun fi haka nisa. Na biyu shi ne matsalar 'yan bindiga, wadda ta shafe shekaru tana hana zirga-zirga a hanyoyin yankin. A watan Nuwamban 2024 gwamnan jihar Kaduna, Uba Sani, ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan wani sulhu da aka yi. Duk inda jama'a suka koma gidajensu bayan rikici, gyaran gidaje da shaguna da makarantu yakan biyo baya, kuma galibi 'yan aikin yini ne suke yin sa.

Daga ginin ƙasa zuwa ginin bulo

A ginin gargajiya na Hausa, magini kan hau katangar da yake ginawa ya zauna a kanta kamar mai hawan doki, leburori na jefa masa tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa daga ƙasa. Katangar tana da kauri, musamman daga gindi, saboda haka ita kanta ce mazauninsa. Sana'ar na da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma yaro kan daɗe yana koyo kafin a bar shi ya hau sama. Fitaccen maginin nan Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, labarin baka na cewa a Birnin Gwari ya yi aikinsa na ƙarshe.

Zuwan siminti da bulo da rodi ya sauya wannan tsari. Bulo mai inci 6 ko 9 ba ya zaunuwa, don haka dole a kafa wa birkila dandamalin da zai tsaya a kai. Rufin kwano ya sa kafinta yana tafiya a kan siraran katakai, ginin bene kuma ya kawo zuba dakin, inda leburori ke hawa da sauka ɗauke da kankare a kwanon sarki. Tsayin da ake aiki a kai ya ƙaru, amma sau da yawa abin da ake takawa bai wuce katako ɗaya da aka ɗora a kan ganguna ko jerin bulo ba.

Girman matsalar

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara saboda haɗurra da cututtukan da suka samo asali daga aiki. Tun a 2005 ƙungiyar ta ce aƙalla mutum 60,000 ke rasa rai a wuraren gini a duniya kowace shekara. A Amurka, daga cikin ma'aikatan gini 1,069 da suka mutu a bakin aiki a 2022, mutum 395 faɗowa suka yi daga sama. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a ƙasar ta kasa manyan musabbaban mutuwa a wurin gini kashi huɗu: faɗowa, bugun abu ko mota, matsewa ko danniya, da jan wutar lantarki.

A ɓangaren haƙar ma'adinai, an ga misalai a maƙwabta. A watan Nuwamban 2021 ramin zinare ya rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda aƙalla mutum 18 suka mutu. A farkon watan Yunin 2024 kuma wani babban rami ya rufta da gomman mahaƙa a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa.

Yadda faɗuwa ke aukuwa

Mutumin da ya zame daga tsayin mita 2 yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya haura kilomita 20 a awa. Daga mita 10, wato kimanin bene hawa uku ko matsakaicin ramin zinare, gudun yakan kai kilomita 50 a awa. Babu lokacin da zai kama wani abu. Wannan ne ya sa dokar gini a Amurka ta wajabta kariya daga tsayin ƙafa 6, wato mita 1.8. Raunin da aka fi samu shi ne na kai, da karayar ƙashin baya da ƙugu da ƙafa.

Wuraren da aka fi faɗowa sun haɗa da tsani da ba a ɗaure ba, da dandamalin da ba shi da shinge, da gefen dakin, da ramin matakala da aka bari a buɗe, da tsohon kwano da tsatsa ta ci. Iskar farkon damina na iya fizge fallen kwano tare da wanda ke riƙe da shi. Gajiya da zafin rana da ƙishirwa na rage natsuwa, haka ma ƙwayoyi irin su tiramol da wasu leburori ke sha don su jure aiki.

Matakan kariya daga faɗuwa

Dokar aiki a sama ta Birtaniya ta 2005 ta jera matakan hawa uku, kuma ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa. Na farko, a guji hawa sama idan ana iya yin aikin a ƙasa, kamar haɗa katakon rufi ko yi wa ƙarfe fenti kafin a ɗaga shi. Na biyu, idan hawan ya zama dole, a hana faɗuwa ta hanyar shinge da dandamali mai ƙwari. Na uku, idan ba a iya hanawa ba, a rage tsayin faɗuwar da illarta.

Tsani. Ana jingina shi ta yadda duk tsayin mita 4 gindinsa zai nisanci bango da mita 1. Kansa ya zarce inda za a sauka da kimanin mita 1, a kuma ɗaure shi ko wani ya riƙe gindin. Mai hawa ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya na kansa a kowane lokaci. Ana jawo kaya da igiya da bokiti maimakon a hau da su a ka.

Dandamali. Ƙafafunsa su tsaya a kan katako mai faɗi bisa ƙasa mai tauri. Faɗin inda ake tsayawa kada ya gaza santimita 60, katakan a haɗe ba tare da giɓi ba. A gefensa a buga shinge mai tsayin kusan mita 1, da wani katako a tsakiya, da wani a ƙasa wanda zai tare bulo ko guduma kada su faɗa kan na ƙasa. Ana sake duba shi bayan ruwan sama ko iska mai ƙarfi.

Rufi da dakin. Ana shimfiɗa katako a taka, ba a taka tsakiyar kwano. Duk wani rami a kan dakin ana rufe shi da katako a buga ƙusa. Ba a cire turakun da suka tokare dakin sai injiniya ya ba da izini, domin kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi.

Ɗamarar kariya. Wadda ake amfani da ita ita ce mai kama kafaɗu da cinyoyi, a maƙala ta a wuri mai ƙarfi sama da kan ma'aikaci. Ɗaura igiya a ƙugu kawai na iya yi wa ciki da ƙashin baya lahani idan mutum ya faɗo, kuma an daina amincewa da ita a matsayin abin tare faɗuwa a Amurka tun 1998. Ɗamara mai doguwar igiya na buƙatar sarari kusan mita 6 a ƙasa kafin ta tsayar da mutum. A kan ƙaramin gida, gajeriyar igiya da ke hana shi isa bakin rufin ita ta fi amfani.

Ramuka da haƙar zinare

Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana da nauyin da ya kai tan ɗaya da rabi ko fiye, wato kamar buhun siminti 30. Idan ta rufe ƙirjin mutum ba zai iya numfashi ba, ko da kansa na waje. Ƙa'idar OSHA ta ce ramin da ya kai zurfin mita 1.5 sai an kishingiɗar da bangonsa, ko a yi masa hawa-hawa, ko a tokare shi. Ƙasar da aka haƙo a ajiye ta aƙalla santimita 60 daga baki, kuma ramin da ya kai mita 1.2 a sa masa tsani ko matakala. Wannan ya shafi ramin harsashin gini da na masai da kwalbati da rijiya.

A ramin zinare haɗarin ya fi yawa, saboda bayan an nutsa ƙasa akan bi jijiyar dutsen a kwance. Idan ramuka suka yi kusa da juna, ko aka cinye ginshiƙin ƙasar da ke riƙe da rufin saboda an ga zinare a jikinsa, sai saman ya zauna. Ruwan sama na ƙara wa ƙasa nauyi yana kuma sassauta ta, shi ya sa watannin Agusta da Satumba da sa'o'in da ke bin babban ruwa suka fi haɗari. Alamun rufta sun haɗa da tsagewa a bakin rami, da zubar ɓarɓashin ƙasa, da tsattsafar ruwa daga bango, da ƙarar katakon tokare.

Matakan da ake bi su ne a ɗaure bakin ramin da itace ko buhunan ƙasa, a haƙa magudana ta kewaye shi, a duba igiya kowace safiya, a kuma bar mutum ɗaya a sama wanda ya san adadin waɗanda suka shiga. Ba a saukar da janareta ko injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rami, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari da ke kashewa cikin mintuna. Tsofaffin ramuka ana cike su ko a kewaye su da ƙaya, saboda yara da makiyaya da dabbobi.

Akwai kuma haɗarin da ke bin dutsen har gida. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A 2015 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka mutu.

Fokilif da sauran manyan injuna

Fokilif ƙaramar mota ce mai ƙarafa biyu a gaba kamar cokali mai yatsu, wadda ake ɗaga kaya da ita. An fi ganinta a masana'antu da manyan ɗakunan ajiya, irin na unguwar Kakuri a Kaduna, da sansanonin kamfanonin gina hanya. A ƙauyuka da wuraren haƙa an fi haɗuwa da tifa da eskabeta da katafila, amma ƙa'idojin kusan ɗaya ne.

Ƙanƙantar fokilif na ruɗar mutane. Wadda ke ɗaga tan 2.5, wato buhun siminti 50, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan 4, saboda ƙarfen da aka ɗora mata a baya don ya rinjayi kayan. Da tayoyin baya take juyawa, don haka bayanta kan yi waje ya share wanda ke tsaye a gefe. Daidaituwarta ta dogara ne a kan wurare uku: tayoyin gaba biyu da tsakiyar gatarin baya. Muddin nauyin mota da kaya ya fita daga tsakanin waɗannan ukun, sai ta kife. Hakan na faruwa idan an yi lodi fiye da kima, ko an sha kwana da gudu, ko an yi tafiya kaya na sama, ko taya ɗaya ta faɗa rami.

Ƙa'idojin tuƙa ta sun haɗa da:
- Wanda aka horar ne kawai zai tuƙa, kuma ba a barin makulli a jiki.
- Kafin fara aiki a duba birki da taya da hon da sarƙa da yoyon mai.
- Ana tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, a ɗan karkato su baya.
- A kan gangare kayan su fuskanci tudu, ko hawa ake yi ko sauka, kuma ba a juyawa a tsakiyar gangare.
- Idan kaya sun tare gaba, a tafi da baya tare da mai nuna hanya.
- Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaga mutum a kan ƙarafan, ba a bi ta ƙarƙashin kaya.
- Idan ta tashi kifewa, direba ya zauna da bel ɗinsa, ya riƙe sitiyari, ya karkata zuwa ɓangaren da ba can take faɗuwa ba. Wanda ya yi tsalle rufin motar ne kan danne shi.

Babbar kariya ita ce raba hanyar mutane da ta injuna, ko da da igiya da turaku ne. Direban tifa ko eskabeta ba ya ganin abin da ke daf da bayansa, saboda haka mutum ɗaya ake naɗawa ya riƙa ba shi hannu, kuma da zarar ya daina ganin mutumin sai ya tsaya. Ba a kwanciya a inuwar mota lokacin hutu. Ba a kusantar da inji bakin rami, domin nauyinsa da girgizarsa na rusa bango a kan na ciki. Tifa ba ta ɗaga bodi a kan ƙasa mai karkata ko a ƙarƙashin wayar lantarki, kuma tazarar da ake bari tsakanin inji ko rodi da wayar ba ta gaza mita 3 ba. Masu sayar da abinci da yara 'yan talla ana ware musu wuri a wajen filin aikin.

Dokoki da hukumomi

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, da gwada sarƙoƙi da igiyoyi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, da kai rahoton haɗari. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke sa ido a kai. Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa ko a kan inji.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa asusun NSITF biyan kuɗin magani da diyya ga wanda ya ji rauni, ko ga iyalan wanda ya mutu a bakin aiki. Mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta ɗauki ɗan aikin yini da ɗan koyo a matsayin ma'aikata, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Ana sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na hannun Gwamnatin Tarayya. Ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, ta kuma buɗe hanyar kafa ƙungiyoyin gama-kai domin su yi rajista su samu horo. Haƙa a cikin gandun daji na ƙasa kamar Kamuku haramun ne a doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar ILO mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata a 1994, da mai lamba 187 a 2022. Ranar 28 ga Afrilu ce ranar lafiya da kariya a wurin aiki ta duniya.

Taimakon gaggawa

Wanda ya faɗo daga sama ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a wuya ko a baya har sai likita ya duba. Ba a ɗaga shi zaune, ba a jan hannu ko ƙafarsa, ba a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, wasu su mirgina shi gaba ɗaya a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, a ɗaure shi, a kai shi a kwance cikin mota. Ɗora shi a kan babur na iya mayar da karayar da za ta warke ta zama shanyewar ƙafafu. Inda jini ke zuba ana danne shi da tsumma mai tsabta. Raunin kai da na baya da karayar da ƙashi ya fito waje na asibiti ne, ba na maɗori ba.

Idan rami ya rufta, ana kashe injunan da ke kusa, a janye jama'a daga baki, a tokare bango kafin masu ceto su shiga. Kusa da wanda ƙasa ta rufe ana tono da hannu da shebur, a fara buɗe fuska da ƙirji. Wanda ya suma a cikin rami ba tare da rufta ba, mai yiwuwa gurɓatacciyar iska ce, kuma duk wanda ya bi shi ba shiri zai iya faɗuwa a gefensa. Bayan babban asibitin garin Birnin Gwari, manyan raunuka kan wuce zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ƙalubale

Yawancin aikin gini da haƙa a yankunan karkara ba ya bi ta hannun kamfani mai rajista. Mai gida ne ke kiran birkila, birkila ya nemo leburori, a biya da yamma. Inda ake biya bisa yawan bulon da aka ɗora ko buhun dutsen da aka fito da shi, lokacin da aka ɓata wajen kafa shinge ko tokare rami asara ce ga ma'aikaci, sai dai idan mai aikin ya sa kuɗinsa da lokacinsa cikin ciniki tun farko. Masu duba wuraren aiki kuma ba sa isa inda hanya ba ta da tsaro.

Saboda haka nauyin ya fi komawa kan waɗanda ke wurin: mai gini, da ɗan kwangila, da mai rami, da shugabannin ƙungiyoyin birkiloli da na mahaƙa, da masu unguwanni da dagatai. Yawancin abin da ake buƙata, kamar katako da ƙusa da igiya da mai ba direba hannu, ana samunsa a kasuwar gari, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar karaya ɗaya ba.